Yadda Ake Lissafin Nisa da Tsawon Tafiyar Jirgin Sama da Wayar Hannu: Misalin Kano Zuwa Jidda

A yawancin gidaje a yau, idan tikitin jirgi ya iso ta WhatsApp, matashin da ke riƙe da waya ake miƙa wa ya karanta. Shi zai faɗa wa Baba ko Hajiya ranar tashi, da lokacin fita daga gida, da kuma lokacin da za a je tarbo su. Idan ya yi kuskure, abin ba ya tsayawa a kan jin kunya kawai. Jirgi na iya tashi ya bar matafiyi, kuma kuɗin sauya tikiti ba ƙaramin abu ba ne.

Ga misalin tikitin da ke rikita mutane. Lokutan da ke cikinsa na koyarwa ne kawai, ba jadawalin wani kamfani ba ne:

Tafiya: tashi daga Kano 14:00, sauka a Jidda 20:40
Dawowa: tashi daga Jidda 09:00, sauka a Kano 11:45

Wanda ya yi lissafi kai tsaye zai ce tafiya awa 6 da minti 40 ce, dawowa kuma awa 2 da minti 45. Hanya ɗaya ce, to me ya kawo wannan tazara? Duk amsoshin biyu kuskure ne. Wannan darasi zai nuna yadda ake gano nisan da ke tsakanin filayen jirgi biyu, yadda ake mayar da nisan zuwa awanni, da yadda ake karanta lokacin tikiti daidai. Waya kawai ake buƙata.

Mataki na 1: A san filin jirgin da lambarsa

Ana auna nisan jirgi daga fili zuwa fili, ba daga gari zuwa gari ba. Kowane babban filin jirgi yana da lamba mai haruffa uku wadda ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wato IATA, take bayarwa. Filin jirgin Malam Aminu Kano shi ne KAN, filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kuma JED. Na Madina MED, na Abuja ABV, na Legas LOS, na Yamai NIM.

Amfanin lambar shi ne wasu garuruwan suna da fili fiye da ɗaya. Landan tana da Heathrow mai lamba LHR da Gatwick mai lamba LGW, ban da wasu, kuma akwai tafiya mai ɗan nisa a mota tsakaninsu. Don haka duk binciken da za a yi a intanet, gara a rubuta lambar a maimakon sunan gari.

Mataki na 2: Me ake nufi da nisa a sama?

Duniya a dunƙule take kamar ƙwallo, taswirar da ke fuskar waya kuma a shimfiɗe take. Ba yadda za a yi a shimfiɗa bayan ƙwallo a kan tebur ba tare da an ja wani ɓangare ba. Yawancin taswirorin intanet sun samo asali ne daga tsarin da Gerardus Mercator ya fitar a shekarar 1569, wanda ke kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. Shi ya sa tsibirin Girinlan yake bayyana kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14.

Saboda haka miƙaƙƙen layi a kan taswira ba lallai ne ya zama hanya mafi kusa ba. Mai son ganin haka da idonsa sai ya ɗauki ƙwallo, ya ɗiga alama biyu a jikinta, ya ja zare tsakaninsu har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta ita ce hanya mafi gajarta, kuma masana lissafi suna kiranta hanyar babbar da'ira. Idan aka zana ta a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ta fito a lanƙwashe.

Tsakanin Kano da Jidda lanƙwasar ba ta da yawa, domin garuruwan biyu ba su yi nisa da tsakiyar duniya ba. Layin yana fita daga Kano ya nufi gabas maso arewa, ya shafi kudu maso gabashin Nijar, ya ratsa Chadi da arewacin Sudan, sannan ya tsallaka Bahar Maliya. Amma a dogon zango kamar Dubai zuwa San Francisco, hanya mafi kusa tana haurawa ne ta can ƙuryar arewacin duniya, wajen ƙanƙara, ko da yake a taswira sai a ga kamar zagaye ne.

Mataki na 3: Auna nisan da Google Maps

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi:

1. A buɗe Google Maps, a nemo filin jirgin Kano.
2. A ɗora yatsa a kan wurin da babu rubutu, a riƙe har jar alama ta bayyana.
3. A jawo bayanin da ya fito a ƙasan allo, a latsa "Measure distance".
4. A ƙanƙance taswirar, a ja ta har ɗigon da ke tsakiyar allo ya hau kan filin jirgin Jidda.
5. Nisan zai bayyana a ƙasa.

Amsar za ta kasance wajen kilomita 3,420 zuwa 3,430, gwargwadon inda aka ɗora alamar. Akwai kuma shafin Great Circle Mapper, inda za a rubuta KAN-JED kawai, ya zana layin ya ba da nisan.

A lura da ma'aunin da aka yi amfani da shi, domin kala uku ne ke yawo a harkar jirage. Mil ɗaya na ƙasa kilomita 1.609 ne, mil ɗaya na teku kuma kilomita 1.852. Nisan Kano zuwa Jidda kenan ya kama kimanin kilomita 3,424, ko mil 2,128, ko mil na teku 1,849. Lambobi uku, nisa ɗaya. Wanda ya ga 1,849 ya ɗauka kilomita ne ya rage kusan rabin hanya.

Mataki na 4: Lissafin da ke bayan manhajar

Manhaja ba igiya take shimfiɗawa ba. Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu: latitud, wanda ke nuna nisansa arewa ko kudu da tsakiyar duniya, da lonjitud, wanda ke nuna nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Greenwich a Landan.

KAN: latitud 12.05, lonjitud 8.52
JED: latitud 21.68, lonjitud 39.16

Da waɗannan lambobi huɗu ake gano kusurwar da ke tsakanin wuraren biyu idan aka hango su daga cibiyar duniya. Sai a ninka kusurwar da nisan da ke tsakanin cibiyar duniya da doronta, wanda matsakaicinsa kilomita 6,371 ne. Dabarar da masu haɗa manhaja suka fi amfani da ita sunanta haversine. Mai sha'awar koyon rubuta manhaja zai iya gwada ta a wayar Android ta hanyar sauke Pydroid 3, sannan ya rubuta wannan:

from math import radians, sin, cos, asin, sqrt

def nisa(a1, o1, a2, o2):
    a1, o1, a2, o2 = map(radians, (a1, o1, a2, o2))
    h = sin((a2-a1)/2)**2 + cos(a1)*cos(a2)*sin((o2-o1)/2)**2
    return 2 * 6371 * asin(sqrt(h))

km = nisa(12.05, 8.52, 21.68, 39.16)
print(round(km))
print(round(km/850 + 0.5, 1))

Layin farko na sakamakon zai nuna 3424, na biyu kuma 4.5, wanda bayaninsa ke tafe a mataki na gaba.

Kurakurai biyu ne suka fi kama masu koyo a nan. Na farko, mantawa da mayar da digiri zuwa radiyan, domin Python da radiyan yake aiki. Na biyu, mantawa da alamar ragi. Duk wurin da ke yamma da Greenwich ko kudu da tsakiyar duniya, lambarsa tana ɗauke da ragi a gaba. Lonjitud ɗin filin JFK na New York -73.78 ne. Idan aka cire ragin, manhajar za ta kai filin can tsakiyar Asiya, kuma ba za ta yi ƙorafi ba.

Idan amsar wani shafi ta bambanta da wannan da 'yan kilomitoci, ba matsala ba ce. Duniya ba cikakkiyar ƙwallo ba ce, ta ɗan kumbura a tsakiya. Wasu shafukan suna lissafi da wannan kumburin, kuma bambancin ba ya wuce kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari.

Mataki na 5: Daga kilomita zuwa awanni

Manyan jiragen fasinja suna gudun kilomita 830 zuwa 900 a awa idan sun kai ƙololuwar hawansu, wato wajen mita 10,000 zuwa 12,000 daga ƙasa. Idan aka ɗauki 850 a matsayin matsakaici:

3,424 ÷ 850 = awa 4 da ɗan kai

Sai dai jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudu. Yana hawa a hankali, yana rage gudu kafin sauka, wani lokaci kuma sai ya kewaya ya daidaita da titin sauka. Don haka ake ƙara kimanin rabin awa. Amsa ta zama awa 4.5. A kula, 4.5 awa huɗu da rabi ne, wato minti 30, ba minti 50 ba. Duk abin da ya biyo bayan ɗigo da 60 ake ninka shi.

Ƙa'idar a taƙaice: nisa a raba da 850, a ƙara rabin awa. Kiyasi ne, amma yana isa a gane ko lokacin da aka gani a tikiti yana kan hanya. Abubuwa huɗu ne ke sa ainihin lokacin ya kauce masa.

Na farko, iska. Jirgi a cikin iska yake iyo, kamar kwalekwale a kogi. Idan yana gudun 850 a cikin iskar da ke tura shi daga baya da gudun 100, to a ƙasa 950 yake ci. Idan ta gaba take bugunsa, 750 ne. A saman tekun Atlantika akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, shi ya sa zuwa Landan daga New York ya fi komawa sauri, sau da yawa da kusan awa guda. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya yi wannan tafiya cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da aka saba yi a sama da awa 6. A hanyar Kano zuwa Jidda tasirin iska bai kai haka ba, kuma yana sauyawa da lokacin shekara.

Na biyu, hanyoyin sama. Jirage suna bin tsararrun hanyoyi ne daga wata alama zuwa wata, bisa umarnin masu kula da zirga-zirgar sama. Ga kuma kauce wa hadari a lokacin damina. Wannan yana ƙara kilomitoci a kan layin da aka auna.

Na uku, rufe sararin samaniya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe samaniyar ƙasar, kuma Sudan a tsakiyar hanyar Kano zuwa Jidda take. Dole jirage suka riƙa zagaye ta, tafiya ta ƙara tsawo, man da ake ƙonawa ya ƙaru. Nisan da Google Maps ke nunawa bai canja ko da mita ɗaya ba, amma zaman da fasinja ke yi a kujera ya canja. Wannan ne babban dalilin da ya sa bai kamata a dogara da lissafin nisa shi kaɗai ba.

Na huɗu, lokacin da ke kan tikiti ba na shawagi ba ne kawai. Yana farawa ne daga sanda jirgi ya motsa daga inda aka ajiye shi, ya ƙare sanda ya tsaya a ɗaya filin. Tafiyar da yake yi a ƙasa zuwa titin tashi da jiran layi duk suna ciki. Kamfanoni kuma kan ƙara 'yan mintoci saboda tsaiko.

Mataki na 6: Agogo biyu a tikiti ɗaya

Yanzu a koma kan tikitin farko. Ƙa'idar ita ce: lokacin tashi da agogon garin tashi ake rubuta shi, lokacin sauka kuma da agogon garin sauka. Najeriya tana kan UTC+1, Saudiyya tana kan UTC+3, wato Jidda tana gaban Kano da awa 2. Kafin a yi ragi sai an mayar da lokutan biyu kan agogo ɗaya.

Tafiya: 20:40 a Jidda daidai yake da 18:40 a Kano. Daga 14:00 zuwa 18:40, awa 4 da minti 40.
Dawowa: 09:00 a Jidda daidai yake da 07:00 a Kano. Daga 07:00 zuwa 11:45, awa 4 da minti 45.

Tazarar awa huɗu da aka gani da farko ta koma minti biyar. Mai zuwa gabas agogo ne ke ƙara masa tsawon tafiya a ido, mai zuwa yamma kuma ya rage masa.

Najeriya da Saudiyya ba sa sauya agogo, don haka awa 2 ɗin nan tana nan duk shekara. Ba kowace ƙasa ce haka ba. Birtaniya tana bayan Najeriya da awa ɗaya a lokacin sanyi, amma daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonsu ɗaya. Masar ma ta dawo da irin wannan sauyi a 2023. Don haka a duba bambancin agogo na ranar tafiyar, ba na ranar da aka sayi tikiti ba.

Sai tarko guda biyu da suka fi cin mutane. Na ɗaya, jirgin tsakar dare. Idan tikiti ya ce ranar Juma'a 00:30, to daren Alhamis ake zuwa filin jirgi. Wanda ya bari sai daren Juma'a ya makara da kwana guda cur. Na biyu, alamar +1 kusa da lokacin sauka, wadda ke nufin washegari za a sauka. Mai zuwa tarba ya lura da ita.

Mataki na 7: Idan akwai yada zango

Ba kullum ake samun jirgin da zai tafi kai tsaye ba. Da lambobin da ke sama za a iya auna zagayen:

Ta Alƙahira: kimanin kilomita 3,100 da 1,215, jimla wajen 4,315
Ta Adis Ababa: kimanin kilomita 3,325 da 1,415, jimla wajen 4,740

Ƙarin kilomita 900 zuwa 1,300 kenan a kan hanyar kai tsaye. Kowane zango yana da nasa rabin awa na hawa da sauka, amma abin da ya fi cinye lokaci shi ne jira a tsakani. Lissafin jiran yana da sauƙi, domin lokacin sauka da na sake tashi duk da agogon fili ɗaya aka rubuta su, sai a yi ragi kai tsaye.

Abin lura shi ne yadda aka sayi tikitin. Idan zangon biyu suna kan tikiti ɗaya, jirgin farko ya makara, kamfani ne ke da alhakin sa fasinja a wani jirgin. Idan kuwa tikiti biyu ne daban-daban aka saya don neman sauƙi, a mafi yawan lokuta asarar a kan matafiyi take. Mai irin wannan tikiti ya bar tazara mai yawa tsakanin jiragen.

Mataki na 8: Tabbatarwa da manhajar bibiyar jirage

Lissafi yana faɗin abin da ya kamata ya faru. Manhajoji irin su Flightradar24 da FlightAware suna nuna abin da ya faru a zahiri. A rubuta lambar jirgin da ke kan tikiti, wato haruffa biyu da lambobi, za a ga tafiye-tafiyensa na kwanakin baya: lokacin da ya tashi, lokacin da ya sauka, da hanyar da ya bi. Idan ya saba makara, a nan za a gani. Idan yana zagaye wata ƙasa, layin zai nuna.

Manhajojin suna aiki ne da wata fasaha mai suna ADS-B. Jirgi yana gano inda yake ta GPS, sai ya riƙa watsa wurin da tsayinsa da gudunsa ta rediyo a kan mita 1090 MHz. Dubban ƙananan na'urori da ke ƙasa, da yawansu a gidajen 'yan sa-kai, su ke kama saƙon su tura intanet. A tsakiyar hamada irin waɗannan na'urori ba su da yawa, saboda haka jirgi na iya ɓacewa daga allo na ɗan lokaci, ko manhajar ta nuna kiyasin wurinsa. Mai bibiyar jirgin mahaifiyarsa kada hankalinsa ya tashi don wannan kaɗai.

Gudun da ake nunawa yawanci da ma'aunin kts yake, wato mil na teku a awa. A ninka da 1.852. Jirgin da ke nuna 460 yana gudun kilomita 852 a awa kenan. Tsayi kuma da ƙafa ake nuna shi, ƙafa 35,000 ta kama kimanin mita 10,700.

Saita wayar matafiyi kafin ya fita

A buɗe manhajar agogo a ƙara Jidda a jerin agogon duniya, ta zauna kusa da ta gida. A tabbatar an kunna saitin da ke ba waya damar ɗaukar lokaci da kanta. A tuna cewa wayar da ke kan yanayin jirgi galibi tana ci gaba da nuna lokacin garin da aka baro har sai ta kama sabis, don haka a filin yada zango agogon bango da allon sanarwa su ne abin dogaro. Mai amfani da Google Calendar zai iya ba lokacin tashi nasa yankin agogo, na sauka ma nasa, manhajar ta yi lissafin da kanta. A kuma ɗauki hoton tikitin a ajiye a waya, don kada rashin data ya hana buɗe shi.

A ƙarshe a haɗa da abin da ke wajen jirgi. An saba shawartar masu tafiya ƙasar waje su isa fili awa 3 kafin tashi. Bayan sauka akwai layin jami'an shige da fice da jiran kaya, ga kuma kusan kilomita 100 daga filin jirgin Jidda zuwa Makka. Tafiyar awa huɗu da rabi a sama takan cinye wuni guda daga ƙofar gida zuwa masauki.

Aikin gwaji

JFK yana kan 40.64 da -73.78, LHR kuma 51.47 da -0.45. A sa su cikin manhajar da ke sama, amsa za ta fito kimanin kilomita 5,540, wato awa 7 bisa ƙa'idar raba da 850. Sannan a buɗe Flightradar24 a kwatanta jiragen zuwa da na dawowa na rana ɗaya, a ga nawa iska ta ƙara, nawa ta rage. Bayan nan sai a ɗauko tsohon tikitin wani ɗan'uwa, a mayar da lokutansa kan agogo ɗaya, a gani ko lissafin ya yi daidai da abin da ya ce ya zauna a jirgi.